Ciwon Aro

Vesper, Nebraska
Tsakiyar Satumba

Ƙanwata Twyla,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da yaran makarantar da kike dafa wa abinci a can bayan duniya. Mu nan sai godiya. Masara ta yi kyau bana, har Delmar ya fara zagaya injin girbi yana shafa masa mai yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ni matarsa ban samu rabinta ba. Ni ma kalau nake, ban da abin da ba a rasa ba.

Kin yi min gori a wasiƙarki ta ƙarshe, wai ba na ba ki labari sai na ruwan sama da na wanda ya mutu. To yau ga labari: mun yi likita a Vesper. Kin tuna shagon aski na kusa da gidan waya? Nan ta buɗe. Sunanta Corinne Janda, jikar tsoho Janda mai sayar da ƙusa da fenti. Ta yi shekaru a wani babban asibitin birni, ta ce ta gaji da ganin mutum a tsaitsaye sannan ta wuni tana cika wa kamfanonin inshora takardu. Shi ne ta zo mana da sabon salo. Ba ruwanta da inshora. Kana biyanta wani abu duk wata, kusan kuɗin wayarmu, shi ke nan ka zama nata. Ka je duk ranar da ka ga dama, ka zauna har ka gaji da magana, ka kira ta a wayarta ta hannu, in ba ka iya fita ta zo har gida. Kuma wai babu takardar caji da za ta biyo ka daga baya. Ta dai ce kada mu yar da inshorarmu, saboda ranar haɗari ko kwanciya asibiti. Kin san irin tamu ta manoma, wadda ba ta motsi sai aljihunka ya yi wayam.

A liyafar coci ta miƙe ta yi wannan bayani, da farantin dankali a hannunta. Kafin in haɗiye lomata Delmar ya sa sunanmu mu biyu. Delmar fa, Twyla, mutumin da ke miƙe tsohuwar ƙusa da guduma ya ajiye a gwangwani. A mota na ce masa banza ba ta kai zomo kasuwa, akwai inda za a kama mu. Ya ce, “To in an kama mu kya ce ai kin faɗa. Ba shi kika fi so ba?”

Abin da ya fi ba ni dariya, tun daga ranar bai fasa zuwa ba. Duk mako sai ya wanke hannu, ya canza hula, ya tafi. Na ce me ke damunka? Ya ce ba komai, tun da ya biya sai ya ci kuɗinsa. Kin dai taɓa ganinsa a gidan abincin nan da ake biya sau ɗaya a ci a ƙoshi, ranar da masu wurin suka fara kallon agogo. To haka yake yi wa yarinyar nan.

Ni ban je ba, kuma ba ni da niyya. Takalmana na coci ne dai suka ƙi shiga tun watan jiya. In yamma ta yi, idon sawuna sai ya tashi kamar ƙullun burodi, in na danna da yatsa ramin ya daɗe bai cike ba. Na kuma ajiye waƙar coci, don matakalar benen mawaƙa ta fara yi min tsawo, kafin in kai sama ba sauran numfashin waƙa. Na ce wa matar fasto murya ce ta tsufa. Ke kaɗai na faɗa wa, kuma kada ki fara min wa'azi. Shekaru ne, ba wani abu ba.

Ki gaishe min da kifayenku.

Yayarki,
Verlene

*

Sand Cove, Alaska
Ƙarshen Oktoba

Yaya Verlene,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta yi zamanta a birni tana jiran jirgin da ke kawo mana wasiƙu, shi kuma yana jiran hazo ya ba shi izini. Da ta iso, tare da buhun albasa ta zo, har yanzu ƙanshinsa take yi. Ni lafiya lau, yara suna ci kamar fari. Duhu ya fara cinye mana rana, amma kicin ɗina da ɗumi.

Na karanta ta sau biyu. Karon farko na yi dariya har mai shara ya leƙo. Karo na biyu ban yi ba. Yaya, kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma ba su bar mana gadon komai ba sai taurin kai da ido. Ki yi amfani da idon. Wannan Delmar da kike magana, ba shi ne ya tsage hannu da wayar shinge ya ɗinke da zaren buhu ya zuba maganin shanu ba? Ba shi ne saniya ta karya wa haƙarƙari ya ce in ya je asibiti za su caje shi har kuɗin iskar da ya shaƙa ba? Yau shi ne yake canza hula don ganin likita duk mako? Ruwa ba ya tsami banza. Cin kuɗi na gidan abinci ne, ba wanda ke zuwa a ɗaura masa abin awon jini don marmari.

Mijinki yana ɓoye miki wani abu. Mazan zuriyarsu duk haka suke, sai sun faɗi a gona ake sanin sun daɗe suna jin jiki. Ki lura da cin abincinsa, da yadda yake tashi daga kujera, da abin da yake tambaya. In ya fara gyara abubuwan da ya shekara yana cewa gobe, ki sanar da ni nan da nan.

Shi tsarin likitar taku ban ga aibinsa ba. Mu nan ma'aikaciyar jinya ɗaya gare mu, ta san tarin kowa tun daga bakin ƙofa, kuma hakan ya fi min doguwar baranda da lamba a hannu. In yarinyar ta riƙe amana, kun yi dace.

Maganar takalmi kuwa, takalman yanzu ne ba su da mutunci. Ni ma in na wuni tsaye gaban murhu ƙafata sai ta yi nauyi. Na sa miki silifas na fata mai gashi a ciki, wata tsohuwa ce ke ɗinka su a nan, ki sa ki huta. Matar fasto kuwa ta gode Allah, don tun muna yara ke kike fara waƙa kafin mai molo.

Ki ce wa mijin Yaya ina gaisuwa, kada ki nuna masa na ce komai.

Ƙanwarki,
Twyla

*

Vesper, Nebraska
Tsakiyar Nuwamba

Twyla,

Ina gaisuwa. Silifas sun iso, kuma su kaɗai ne ke shiga ƙafata yanzu, har coci da su nake zuwa, in ɓoye su ƙarƙashin benci. An gama girbi lafiya, sanyi ya shigo. Amma kin hana ni barci da takardar nan taki, Allah ya yafe miki, don na sa ido kamar yadda kika ce, kuma na ga abin da ban so gani ba.

Ranar nan muna karin kumallo, yana juya ƙwai a faranti bai ci ba, sai ya ce, “Verlene, in mutum ya kwanta a miƙe ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji, me yake yi?”

Na ce, “Wane mutum?”

Ya ce, “Mutum dai.”

Na dake. Na ce, “Ai ba wani abu ba ne, sai ya ƙara matashi. Ni ma ai haka nake yi, ba ka gani?”

“Tun yaushe?”

“Tun wajen girbin alkama. Ka ga kuwa ban mutu ba.”

Sai ya gyaɗa kai yana motsa baki, kamar mai haddace farashin taki. Twyla, kunya yake ji ya ce shi ne. Na tausaya masa har na kusa kuka a cikin kofina.

Bayan nan ya dawo daga wurin likitar da ma'aunin nauyi a hammata. Wai ta ce ya riƙa hawa duk safiya. Ya hau, ya sauka, ya ce, “Hau ke ma mana, kada in zama ni kaɗai kamar bijimin da za a kai kasuwa.” Na hau don in faranta masa, shi kuma ya leƙo ta kafaɗata yana karantawa, ba ko kunya. Sai kuma gishiri. Wai an hana shi. Mutumin da ke barbaɗa gishiri a kan kankana, yau shi ne ya ɗauke kwalbar daga tebur ya kai gareji. Na ce zan riƙa dafa masa nasa dabam, ya ce a'a, tukunya ɗaya muka saba. Yanzu miyarmu kamar ruwan wanke kwano, muna sha muna kallon juna. Da yamma kuma sai mun ɗora ƙafafu a kan kujera, mu jeru gaban talabijin. Duk ina yi saboda shi, kuma ikon Allah, ni ce ma nake ɗan jin sauƙi wasu ranakun.

Likitar ta kira ni a waya har sau biyu, wai tana so mu gaisa tun da sunana na cikin mutanenta. Muryarta da daɗi. Na ce ina dafa tumatir na ajiya. Karo na biyu ma tumatir na ce, alhali sanyi ya daɗe da kashe su. Makon jiya kuma na tuƙa har ƙofar wurin, da niyyar in shiga in tambaye ta gaskiyar ciwon mijina. Na zauna a mota ina kallon ƙofar, na kasa fita.

Ke kin san dalili, ko da ba mu taɓa faɗa ba. Kina nan lokacin Mama. Da ƙafarta ta shiga don a ɗan duba ta, daga wannan ɗaki zuwa wancan, kowa da kirkinsa, ba wanda ya iya gaya mana nawa ne. Muka binne ta, furannin kabarinta ba su bushe ba ambulan ɗin takardun caji suka fara zuwa, daga mutanen da ko fuskarsu ba mu gani ba. Baba ya sayar da gonar bakin rafi. Ni ce nake buɗe masa su. Tun daga nan in na ji warin asibiti, ba mutuwa nake tsoro ba, akwatin wasiƙu nake tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na san yarinyar nan ta ce ba haka take ba, amma ƙofa ɗaya ce ke kai ka ga sauran. Ba zan bar Delmar da ambulan ba.

Ni ba sabon abu, sai ɗan tari da ke zuwa in na kwanta, da zobena da ya ƙi fita. Shi za ki yi wa addu'a.

Yayarki,
Verlene

*

Sand Cove, Alaska
Farkon Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa, in akwai mai karɓa. Barka da sabuwar shekara, ko da yake ban ga barkar ba. Na rubuto miki amsa tun farkon Disamba, na aiko katin Kirsimeti da gwangwanin kifi, shiru. Da farko na ɗora wa jirgi laifi. To jirgi ya zo, ya sake zuwa, ya kawo wa kowa nasa har da kare ya samu abincinsa, ni ko ƙyalle. Tun muna 'yan mata ba ki taɓa tsallake Kirsimeti ba, ko shekarar da rufinku ya tashi.

Na je ofishin shugabar makaranta na roƙi wayarta kafin biki, na kira gidanku safe da yamma, tana ta ringi ba mai ɗauka. Na daina kira don ina tsoron wanda zai ɗauka da abin da zai ce.

Ba sai kin ɓoye min ba. Na karanta takardarki ta Nuwamba har ta kusa yagewa: nauyin ƙirji, ma'auni, hana gishiri. Ma'aikaciyar jinyarmu ta ce duk alamun zuciya ne. In Delmar yana kwance, ki faɗa min. In kuma ta Allah ta kasance, Yaya, kada ki zauna ke kaɗai a gidan nan. Mutumin kirki ne, duk tsiyar da nake masa. Shi ne ya tuƙa kwana da yini ya ɗauko ni da kayana lokacin da aurena ya mutu, bai tambaye ni komai ba sai ko na ci abinci. Ina rubutu ina kuka, ga yara na jiran tuwon dankali.

Na nemi hutu, na fito da baƙar rigata na rataye ta sha iska. Kalma ɗaya nake jira in hau jirgi.

Twyla

*

Vesper
Janairu

Twyla,

Delmar ne. Ina gaisuwa. Ban mutu ba, ki mayar da rigar akwati. Na gode da abin da kika ce a kaina, na karanta wurin sau uku, tun da ba a cika faɗa wa mutum irin wannan yana da rai ba. Yayarki ma tana nan da sauƙi, tana zaune gabana tana harara ta. Ta ce tun da ni na haɗa wutar, ni zan fara bayani. Ban iya rubutu ba, ki yi haƙuri.

Lafiyata lau tun farko. Ita ce ba lafiya. Tun bazara nake ganin ƙafafunta, ina jin numfashinta in ta hau mataki. Na ce mu je birni, ta ce in na ƙara faɗa za ta koma ɗakin baƙi. Da Likita Janda ta yi bayaninta a coci, na ji ta ce ba a ƙirga zuwa kuma ba a kallon agogo, sai na yi dabara. Na ce tun da mai ciwon ba za ta je ba, bari in kai ciwon.

Zuwan farko na ce ƙafafuna na kumbura. Ta ce in naɗe wando. Kin san ƙafafuna, kamar sillen kara. Ta danna, ta saurari ƙirjina gaba da baya, ta ce in dawo. Na dawo na ce matakala na gagara ta. Ta fita da ni bayan shagon, ta ce in hau matakalar nan in sauko. Na manta ban yi haki ba. Muka koma ciki ta dafa kofi, ta tambaye ni masara, ta tambaye ni shanu, har na saki jiki ina ba ta labarin kakanta. Can sai ta ajiye kofi ta ce, “Baba Delmar, ƙafafun wa muke magana a kai?”

Na ce, “Nawa mana.”

Ta ce, “To naka sun warke. Na gidan fa?”

Da a inda muka saba ne, kafin in gama ƙaryar an kira na gaba, watakila ma in fito da ƙwayar da ban san yadda zan yi da ita ba. Ita ta zauna har na faɗi gaskiya. Ta ce ba ta ba da magani ga wanda ba ta gani ba, ko da matar gwamna ce. Abin da ba ya cutarwa kawai ta ba ni, wato barin gishiri da ma'auni da ɗaga ƙafa. Ta ce abin ba na wasa ba ne, duk mako sai ta ce in kawo ta, ko in gaya mata gaskiya. Na kasa. Shekarun nan duka ina tare da ita, na san in aka tura ta gabas, yamma za ta nufa. Sai na riƙa kai rahoton nauyinta kamar na maraƙi. Likita ta ce ranar da ta kasa numfashi tana zaune, in kira ta ko me take yi.

Ranar ta zo ana saura mako Kirsimeti. Da safe ta sauka ɗakin ƙasa ɗauko kwalbar zuma don kek ɗin coci. Na ji shiru ya yi yawa, na leƙa, na same ta zaune a tsakiyar matakala tana neman iska. Na tallafo ta zuwa kujera, na kira. Ƙanƙara na zuba, amma kafin ruwan kofi ya tafasa motar likita na ƙofar gida.

Sauran ita za ta faɗa, ta ce ban iya ba da labari ba. Lokacin da kike kira muna asibitin birni, ni ina kwana a kujera. Kifin ya iso, amma da gishiri, saboda haka ni kaɗai na cinye a gareji.

Mijin Yayarki,
Delmar

*

Vesper, Nebraska
Farkon Fabrairu

Ƙanwata Twyla,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri, ina nan da rai da sauƙi, Allah ya saka miki da hawayenki, ko da ba a kan wanda ya dace kika zubar ba. Kin ce zuriyarmu ta gaji ido. To mu biyu muka haɗa idanu huɗu muka zuba wa lafiyayyen mutum, ni ina tsakiya ina kumbura. Kada ki damu kanki, ni na ɓatar da ke. Na daɗe ban rubuto ba don kunya, ba don ciwo ba.

Ga yadda aka yi. Likitar ta shigo tana kakkaɓe ƙanƙara daga hularta, 'yar ƙarama da ita, da jaka a hannu. Ni ina kujera ina haki, amma bakina bai mutu ba. Na ce, “Yauwa, gara da kika zo. Ki duba shi da kyau, ya fi wata yana ɓoye min ciwon zuciya.”

Ta dubi Delmar. Delmar ya dubi murhu.

Ta ja kujera ta zauna gabana, ta ce, “Inna Verlene, zuciyar mijinki ta fi tawa lafiya. Wurinki na zo. In kin ce in tafi, zan sha kofi in tafi, amma gaskiya ba zan ji daɗi ba.”

Nan take komai ya faɗo min, da matashi, da ma'auni, da miyar nan mara gishiri. Da ina da numfashi da ya ji a jikinsa. Abin da ya fito min kawai shi ne, “Nawa ne?”

Ta ce, “Kin biya tun Satumba. Wata huɗu ina jiran ki karɓi kayanki.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cire silifas ɗinki na miƙa mata ƙafa. Ta duba, ta saurari bayana, sannan ta gaya min ba kwana-kwana: zuciyata ta yi rauni, ruwa ya taru har ya fara hawa huhu, sai an kwantar da ni 'yan kwanaki a cire shi. Ta ce daga nan aikin ya fi ƙarfin jakarta, na inshora ne. Na ce ba inda zan je. Ba ta yi min faɗa ba, ta ce, “Me kike tsoro?” Ban san yadda aka yi ba na ba ta labarin Mama a gutsure. Sai ta aiki Delmar ya tayar da mota, ta ɗauki katin inshorarmu, ta kira mutanen kamfanin ta buɗe muryar waya ina ji, ta matsa musu har suka faɗi iyakar abin da zai iya fita daga aljihunmu komai tsanani. Ba kaɗan ba ne, Twyla, sai mun sayar da 'yan maruƙa. Amma ba gona ba ce, kuma na ji shi da kunnena kafin in hau mota. Abin da ba wanda ya yi wa Baba ke nan.

Ta kira asibitin kafin mu isa, ta riƙa bin labarina kullum. Yanzu ina gida da ƙwayoyin da ke sa ni zarya banɗaki kamar mai talla. Magungunan ma a wurinta muke saye, a kan farashin da ta sayo. Idon sawuna ya dawo, na gan shi na kusa yi masa sannu da zuwa. Ta ce ciwon ba ya tafiya, lallaɓa shi ake yi, kuma da na ƙara wata guda ina dafa tumatir ɗin ƙarya, da labarin ya canza.

Shi kuwa gogan, na yi kwanaki ban yi masa magana ba, sai in ajiye masa faranti da ƙarfi. Ranar nan na kasa haƙuri, na ce, “Kai yanzu ba ka ji kunya ba, da furfurarka, ka je kana yi wa jikar Janda ƙarya?”

Ya ce, “Na ji mana.”

“To me ya kai ka?”

Ya ce, “Gona zan iya nomawa ni kaɗai, Verlene. Cin abinci ne ban iya ni kaɗai ba.”

Na tashi na shiga kicin na daɗe ina wanke kofi ɗaya. Ina son mutumin nan, Twyla, na faɗa miki, amma in kika gaya masa sai na musanta.

Jiya na je wurin likitar da kaina, ni na tuƙa, ni na tura ƙofar. Ta auna ni, ta ce komai na tafiya daidai, muka sha kofi. Da ta ce ko akwai wani abu kuma, sai na ce e to, kunnena na hagu ne ba ya ji sosai kwanan nan, sai na ƙure talabijin, kuma in ina kan tarakta a kira ni abinci ba na ji sam.

Ta ajiye kofinta ta dube ni. Ta ce, “Inna Verlene, yaushe rabonki da hawa tarakta?”

Na ce, “An ɗan jima.”

Ta ce, “Ki turo shi ranar Talata.”

Ki zo da bazara in Allah ya kai mu, da riga mai launi. Za ki sha miya ba gishiri, amma za ki same mu mu biyu a tebur.

Yayarki har kullum,
Verlene